Mai Gyaran Shafi da Lambar da Ba Ta Tsayawa

Zauna, Malam Hashimu, ɗaga hannunka daga kwamfutar nan. Wallahi na gaji da faɗa muku abu ɗaya, amma bari in ba ka misali.

Wani mai sayar da irin shuka ya sa aka yi masa shafin intanet gab da faɗuwar damina. A saman shafin akwai hoton buhun iri mai motsi: ya shigo daga gefe, ya tsaya lambar waya ta bayyana, sannan ya fice. To, lambar nan ƙiftawa kawai take yi ta ɓace, babu manomin da ke iya kama ta, ga hadari ya fara haɗuwa. Mai iri ya kira mai gyaran shafi. Shi irin wannan motsi zango-zango ake tsara shi, kowane zango da lokacinsa, kuma layin umarni guda ya isa ya sa shafin ya karanto maka su duka. Gogan naka bai tsaya karantawa ba. Ya ce ai sauri ne ya yi yawa, ya rubuta umarni ya ƙara tsawon lokacin motsin gaba ɗaya. Buhu ya koma shigowa a hankali, lamba ta ƙifta ta ɓace. Ya ƙara. Buhu ya koma tafiyar hawainiya, masu dubawa suna gajiya suna rufe shafin, lamba tana nan yadda take. Kullum mai iri ya kira, murya a sanyaye, kullum a ce masa an kusa.

Sai da shuka ta yi nisa, mai gyara ya rasa abin ƙarawa, sannan ya sa aka karanto masa zangunan. Ashe zangon isowa da na tashi a wuri ɗaya aka ɗora su, tsayuwar ma babu ita sam. Abin da babu kuwa, ko ka ninka shi har gobe, babu ne. Ya matsar da zango ɗaya, lamba ta tsaya cak, kowa na iya karantawa. Amma wa zai kira lambar? Manoma sun riga sun sayi iri a kasuwa, gero har ya fito. Mai iri, bawan Allah, ya kwashe buhunansa ya mayar ɗaki, abin tausayi.

Kai ma tun safe lokaci kake ta ƙarawa, ban ga ka karanta komai ba. Ba nan take ba, an danne bodari a ka.