Wuri Ya Cika

Auta ta gama goge farar rigar aikinta ke nan, tana rataye ta a bayan ƙofa, sai wayarta ta yi ƙara. Sakataren kamfanin sabulu ne. Ya ce ta yi haƙuri, wurin da aka yi mata alkawari jiya ya cika.

Dokar makarantarsu ba ta da kwana-kwana. Duk ɗalibin ajin ƙarshe sai ya samo inda zai yi zaman sanin makamar aiki kafin wata ya ƙare, in bai samu ba ya maimaita shekara. Auta kuwa ita ce kan gaba a ajin gwaje-gwaje, irin wadda malamai ke ba da misali da ita har 'yan aji su ji haushi. Kowa ya ɗauka rububinta za a yi.

Ta shiga ɗakin Mama ta zauna a bakin gado. Tun da ƙafafun Mama suka fara kumbura, yayyenta kuma kowa ya kama gabansa a wani gari, gidan ya koma su biyu. Ita ce mai girki, ita ce mai kama Mama zuwa banɗaki. Da an tashi daga makaranta da azahar take dawowa a guje. Mama ta shafa kanta ta ce, "Ba rabonki ba ne, 'yar albarka. Wanda ya fi shi na nan tafe."

Ba a yi kwana nawa ba ta ji wadda aka ba gurbin. Doguwa ce, ƙawarta ta ƙud da ƙud, wadda ko biro sukan ara wa juna. Doguwa ta rantse kiranta kawai aka yi. Auta ta haɗiye abin, ta yi mata murna da fatar baki.

Ta koma nema. Wani asibiti ya karɓe ta, har aka nuna mata kujerarta kusa da madubin likita. Ta dawo gida da tsalle, ta kira Doguwa ta fesa mata, ta rubuta wa Mama lambar wurin a bango kusa da gado, don wayar Auta ba ta riƙe caji, mai jinya kuma ba a barinsa ba lambar nema. Washegari wuri ya cika. Kamfanin fenti ma haka. Masu lemon kwalba ko kiranta ba su yi ba, mai gadi ne ya tare ta a ƙofa yana kallon jakarta kamar ta saci wani abu a ciki.

Malamin da ke raba ɗalibai wuraren aiki ya kira ta ofishinsa. Mutum ne da takalminsa ya sha yawo, daga gareji zuwa otal zuwa gidan rediyo, yana roƙa wa 'ya'yan mutane gurbi. Ya rufe ƙofa ya ce, "Yarinya, wa kika taka wa wutsiya? Duk inda na tura ki, wata mace na bugo waya a bayanki. Sun ƙi gaya mini abin da take faɗa, amma ba alheri ba ne."

Auta ba ta tsaya dogon tunani ba. A gaban 'yan aji ta tare Doguwa, ta wanke ta tas, ta kira ta munafuka mai cin amana. Doguwa ta yi kuka har da majina, Auta ko a jikinta. A gida ita ma ta yi nata kukan a cinyar Mama, Mama na cewa mutanen yanzu ba abin yarda ba ne, gara mutum ya riƙe nasa na gida.

Ana gab da rufe karɓa malamin ya samo wuri na ƙarshe, wani ƙaramin kamfanin ruwan gora a bayan gari. An ce ta je ranar Laraba. Wannan karon ko ƙuda bai ji ba a makaranta, lambar kawai ta ƙara a bango ta ja bakinta ta yi shiru.

Ranar Talata da hantsi malamin ya leƙo aji ya yafito ta. Ya ce manajar kamfanin za ta yi tafiya gobe, in tana so ta tafi yanzu-yanzu. Ta tafi da kayan makaranta a jikinta.

Ta tarar da manajar a ɗakin gwaji, wata mace mai faɗa a fuska, hannuwanta cikin safar roba, tana ɗiga ruwa a ƙananan kwalabe. Ta jefa wa Auta tambayoyi, Auta ta amsa ba gargada. Matar ta fara gyaɗa kai ke nan sai wayar da ke kan tebur ta ɗauki ruri. Ba ta cire safar ba, da gwiwar hannu ta danna ta buɗe murya.

"Salamu alaikum. Don Allah shawara zan ba ku tsakani da Allah. Akwai yarinyar da za ta zo muku gobe neman koyon aiki. Kada ku ɗauke ta, tana da ɗan hali. Duk abin da ta gani sai ta ɗauke."

"Wace ce ke magana?" in ji manajar.

"Wata ce mai gudun kada a cuce ku."

Auta ta gane muryar. Ta tuna fuskar Doguwa tana kuka. Manajar ta ɗago tana kallonta, tana jiran ta kare kanta. Auta ta dafa tebur, ta sunkuya daidai bakin wayar, ta yi magana a hankali yadda ta saba.

"Mama, kin dai sha maganinki na rana?"