Na'urar da Ta Yi Tsit

A yi mini afuwa, wannan ne rubutuna na farko.

Gobe Auta za ta kare aikin digirinta a gaban malamai, amma kwamfutarta ta ƙi ganin katin GPU, wato katin da ke ƙara mata saurin lissafi. Ta goge manhajar katin, ta sauke sabuwa.

"Yaya, ya ƙi fa," ta ce a waya.

"Kashe ta ki kunna mana, sarkin tsoro."

Ta rubuta umarnin kashe kwamfuta, ta danna. Fankar kwamfutarta ba ta tsaya ba. A kusurwar ɗakin binciken da take zaune, babbar na'urar Farfesa, wadda ke ta aikin horar da manhajarsa ba tsayawa tun watan jiya, ta yi tsit. Ashe tun safe da Auta ta leƙa cikinta ta intanet, ba ta fito ba, don haka can umarnin ya tafi.

Farfesa na bakin ƙofa yana ta dariya a waya. Auta ta ɗauki jakarta, ta sulale ta bayansa.