Wayar da Ke Wuni Gidan Malam

Nasrullahi ya maƙale a mataki na talatin da ɗaya, kuma Suhaibu, shugaban ƙungiyarsu, ya ba shi wata guda: ko ya kai hamsin kafin gasar unguwannin Zango da Pissy, ko a ba wani gurbinsa.

Wasan harbi ne na waya, mutum huɗu-huɗu. Ka harbe abokin gaba a ba ka maki, makin ya taru ka hau mataki, wanda yaran ke kira nivo. Duk mataki goma a yi maka kyauta: hula, fentin bindiga, ko wata rawa ta rashin kunya. A hamsin ake ba da alkyabbar zinariya. Ba ta tare harsashi, ba ta ƙara gudu. Kakan Nasrullahi shadda ya sayar a Zangouettin kafin a rushe unguwar, shaddar da ake taɓawa a ji nauyinta. Jikansa kuwa ya rame a kan rigar da ba a wankewa, ba a gado.

Shi direba ne, wuni yake a hanya. Sai bayan magariba yake zama ya yi wasa, a kashe shi, ya zagi mega, wato datar waya. Matarsa Adawiyya ta taɓa leƙowa ta kafaɗarsa ta ce ya riƙa duba hagunsa. Ya ce mata wannan yaƙin maza ne, ta je ta duba tukunya.

Ta duba tukunya. Washegari ta ba shi shawara ya kai wayar wurin kawunta Malam Muntari, tsoho mai bakin addu'a, wanda ko lambar kira sai an danna masa.

Malam ya shafa gemu ya gindaya sharaɗi biyu. A kawo wayar da safe a karɓa da la'asar. Kuma a cire mata makulli, don addu'a ba ta shiga ƙofar da ke rufe.

Ranar farko mataki ɗaya ya ƙaru. Rana ta uku, biyu. Wayar kan dawo da zafi kamar an sauke ta daga murhu, batir a ƙasa, wani lokaci da ƙamshin daddawa. Nasrullahi ya ce zafin addu'a ne. Ya kai wa Malam goro ƙwarya guda, ya kuma yaba wa Adawiyya da ta dage da zuwa gaida kawunta kullum bayan azahar, ko da yake tuwon dare ya fara latti.

Abokan wasansa suka fara cewa da rana shi zaki ne, shiru ba ya magana, da yamma kuwa kaza. Bai gane ba, amma ya ɗauki zakin ya bar kazar.

Ana saura kwana biyu gasa ya kai hamsin. Ya sa alkyabbar, ya zaga shaguna yana nuna ta, har mai gyaran moto, wato babur, sai da ya gani.

Ranar gasa aka cika rumfar shagon Suhaibu. Adawiyya na gefe da kular zoɓo tana sayarwa. Aka fara. Alkyabbar Nasrullahi na walƙiya tun daga ƙarshen fili, 'yan Pissy suka kwantar da shi kafin ya gama bisimilla. Zagaye na biyu ma haka. Saura ɗaya a fitar da Zango gaba ɗaya.

"Wallahi ba kai ba ne na azahar," in ji Suhaibu, yana huci. "Ina na azahar ɗin?"

"Malam za a kira," in ji Nasrullahi. "Addu'ar ce ta huce."

Babu wanda ya tashi kiran Malam. Adawiyya ta rufe kular zoɓo, ta goge hannu a zaninta, ta zare wayar daga hannun mijinta. Ta tuɓe alkyabbar zinariyar, ta mayar da tsohuwar riga mai launin ƙasa, sannan ta kunna makirufon da ta yi wata guda tana rufewa.

"Suhaibu, kai dama, ni hagu," ta ce. "Kamar kullum."