Girar Malama Gladys

Saloma ta buɗe jakar kwalliyarta a kan teburin falon Malama Gladys. Da safe aka aiko mata cewa Malama na son gwada aikinta. In ya yi, za ta riƙa zuwa kowace Lahadi.

Ba ƙaramin abu ba ne. Tun da Saloma ta kafa kujerarta a gaban shagon Nkiruka cikin kasuwar Zuru, amarya ɗaya ta samu, ita ma 'yar ƙanwar babarta ce daga Dabai. Fuskar Malama Gladys kuwa ita ce ma'aunin matan coci. Girarta a miƙe kamar sahun fareti, jan-bakinta bai taɓa ƙetare iyaka ba. Duk wadda aka ce ita ke yi wa Malama kwalliya, ta gama neman amare.

Matsalar guda ce. Malama Gladys Turanci ta koyar har ta yi ritaya, Saloma kuma na cikin ɗalibanta da suka faɗi jarrabawa. Har yau ana shakkar matar. Ba ta gaida kowa sai an fara gaishe ta. Ba ta buɗe littafin waƙa a coci, baitocin duk suna kanta. Ko ƙofar gida ba ta fita sai riƙe da hannun mijinta, Baba Ebenezer, tsohon sajan, abin da 'yan mata ke kira auren Turawa.

Malama ta zauna tsaf, ta ɗaga haɓa. "Duk abin da za ki yi, ki faɗa mini kafin ki yi. Da Turanci."

Ashe jarrabawa biyu Saloma ta zo zaunawa.

"I want to rub powder, ma."

"Man zafi ne da za ki murza mini? Apply ake cewa, ko put on. Sake."

Saloma ta sake. Ta shafa hodar a hankali, daga goshi zuwa kumatu. Fatar Malama ta fi ta 'yan mata da yawa laushi, alamar an daɗe ana kula da ita.

Baba Ebenezer yana zaune a kusurwa da rediyonsa, amma ba labarai yake bi ba. Hannun Saloma yake bi da ido, duk inda ya je. In ya ɗaga kofin shayinsa, sai cokali ya yi ta ƙara a ciki har ya ajiye. Saloma ta san shi a shagon Nkiruka. Shi ake aika sayen hoda, masu kabu-kabu suna yi masa dariya, bai taɓa tanka musu ba.

"I will paint your lips, ma."

"Ni bango ce? You put on lipstick, ni kuma I wear it. Wane launi?"

"Ja, ma."

"Wane irin ja?"

Saloma ta ɗaga jan-bakin daidai fuskar Malama. Malama ko kallonsa ba ta yi ba.

"Da baki na tambaye ki."

"Mai duhu, ma. Irin na zoɓo."

"To. Ci gaba."

Saura gira, wadda duk Zuru ta san ta. Saloma ta fere jagira, ta haɗa jimlarta a zuci sau da yawa kafin ta furta, kuma wannan karon ba a gyara mata ba. Murna ce ta cuce ta. Girar dama ta fita sumul. Ta hagu kuwa hannu ya zame, ta ɗan hau sama, har fuskar ta zama kamar mai tambayar wani abu.

Saloma ta jira tsawa. Ba ta zo ba. Madubi na tsaye a kan teburi daidai fuskar Malama, amma ba ta ce uffan ba. Saloma ta tuna wannan shirun tun daga aji. Bayansa jan biro ke zuwa. Ta fara hango kujerarta a gaban shago, babu kowa a kai sai ƙura.

"Kin gama?"

"Na gama, ma."

"Ebenezer."

Tsohon ya miƙe, ya zo ya sunkuya, ya dubi fuskar matarsa daga dama zuwa hagu kamar mai duba kurata. "Ta hagu ta hau," in ji shi.

Ya karɓi jagirar daga hannun Saloma, ya riƙe ta can kusa da tsini, ya kafa ƙaramin yatsansa a kuncin Malama. Tsinin ya kai kusa da girar, ya tsaya yana karkarwa. Ya daɗe a haka. Sannan ya mayar wa Saloma.

"Goge wutsiyar, 'yata. Sauko da ita daga nan."

Ta goge, ta sauko da ita.

"Yanzu fa?" in ji Malama.

"Ta yi."

"To, ta yi. Turancinki dai sai addu'a. Lahadi ki zo kafin ƙararrawar farko."

Baba Ebenezer ya rako ta har bakin ƙofa, ya riƙe mata jakar tana sa takalmi.

"Abin da kika gani a gidan nan, ya tsaya a gidan nan."

"Ai ban ga komai ba, Baba."

"Ita ma haka," in ji shi, yana miƙa mata jakar. "Tun shekarar da ta yi ritaya idanun suka tafi, ni nake ja mata girar nan, yanzu kuma hannun ya ƙi tsayawa."