Dutse a Cikin Kwalba

Ranar Talata da hantsi mai kantin bakin titi ta dawo wa wani tsoho da kwalabensa a karo na biyu. Garin mangwaron da ya kai mata mai laushi kamar hoda ya dunƙule, ko an kifa kwalba ba ya motsi.

"Baba, kanti gare ni, ba gini nake yi ba," in ji ta. "In na gaba ya zo haka, sai dai in ba wani wurinka."

Ya kwashe kayansa. Tun da ya yi ritaya, garin mangwaron nan ne kaɗai ke tayar da shi daga gado. 'Ya'ya sun watse, gida ya yi shiru. Daga shi sai yayarsa, wadda ta dawo wurinsa bayan rasuwar mijinta, kuma har yau Auta take kiransa duk da furfurarsa.

Mutum ne mai tsari. Yakan yanka mangwaro siri-siri, ya busar har ya riƙa karyewa ƙas, ya niƙa, ya tankaɗe. Ranar ɗurawa yakan kulle kansa a ɗakin ajiya, ko kyanwa ba ta leƙawa. A kowace kwalba yana binne ɗan ƙunshin farar takarda mai shanye danshi, ya ɗaure murfi, ya jera su a kan katako nesa da bango. Liƙe murfi kuwa sai ranar da motar kai kaya kanti za ta zo.

To, ta ina danshi ke shiga?

Ya zargi rufi, ya hau tsani da gwiwoyinsa masu ƙara, bai ga ko huda ba. Ya zargi murafe, ya sayo sababbi. Har maƙwabciya sai da ya roƙa ta daina shanya kusa da tagarsa.

"Auta, ka ƙyale rufin nan ya huta," in ji Yaya. "Ba kowa ke son ganin kayanka a kanti ba."

"Yaya, danshi bai san hassada ba."

"Kai da bokonka!"

Duk da haka ita ce ke tausaya masa. Kullum in rana ta take sai ta lallaɓa shi ya kwanta, ta karɓi makulli ta share masa ɗakin.

Zubin ƙarshe ya yi masa aikin da bai taɓa yi ba. Ya ƙara kwanakin busarwa, ya gasa kwalabe, ƙunshin takarda ma bibbiyu ya sa. Da safen da mota ta zo ya liƙe murafe da hannunsa, ya tsaya bakin ƙofa har ta sha kwana.

Ya dawo ya zauna, abinci na hucewa a gabansa. Yaya ta daɗe tana dubansa, har abin ya fi ƙarfinta. Ta shiga ɗaki, ta fito da tsohon gwangwanin madara, ta buɗe a gabansa. Cike yake taf da fararen ƙunshi.

"Ci abincinka, Auta," ta ce a hankali. "Na ɓoye maka ne don kar ka yi mini dariya. Layun da maƙiya ke binne maka a cikin garin mangwaronka, wannan karon har bibbiyu suka sa, amma ban bar ko ɗaya ba."