Shekarun Kati

Tun da aka kafa dokar, ƙofar ɗakin majiyyaci ba ta buɗewa sai allurar da inji ya auna ta ƙare ƙaf. Hansatu, ɗalibar aikin jinya, ta shiga wajen Malam Tanimu da safe, ƙofa ta rufe a bayanta.

Allon bango ya nuna shekararsa sittin da ɗaya. Ta dubi fatar hannunsa da ta yamutse, ta dubi kumburin ƙafafunsa.

"Baba, don Allah shekararka nawa?"

"Abin da kati ya ce, 'yata."

"Bar ta kati."

Ya kawar da kai. "A zamaninmu kowa ragewa yake in zai nemi aiki. Na haura tamanin. Ki rufa mini asiri, yanzu ɗauri ake yi."

Ta tuna darasin farko da malamarsu Sista Kande ta koya musu: ƙodar tsoho ba ta fitar da magani da wuri, abin da zai warkar da ɗan sittin taruwa yake a jikin ɗan tamanin har ya kashe shi.

Ta juya wa kyamarar ɗakin baya, ta yi masa rabin allurar, ta tsiyaye sauran a bakin hijabinta. Sai yau ta gane abin da ya sa hijaban manyan ma'aikata kullum suke da jirwaye.

Da la'asar ta dawo, ƙofa ta sake rufewa. Allon ya yi magana cikin muryarsa mai sanyi:

"Jikin majiyyaci ya karɓi magani lafiya. An ninka awo."