Rijiyar da Mas'udu Ya Cike

Mas'udu ne ke yasar rijiyar ƙauyensu a ƙasar Bungudu, aikin da ya gada wurin mahaifinsa. Zurfinta gaba goma sha huɗu, kuma ba ta taɓa ƙafewa ba.

Shekarar da aka ba mu jiha, wata ƙungiyar ƙasar waje ta haƙa musu famfon tuƙa-tuƙa kyauta. Jami'inta, Malam Sama'ila, ya zo da sharaɗi ɗaya.

"Sai an cike tsohuwar rijiya. Manyan ƙungiyar na zuwa ɗaukar hoto. In suka ga guga hannun wata, za su ce aikin bai karɓu ba."

Inna Uwani, mahaifiyar Mas'udu, ta kira shi gefe. "In ƙarfen ga ya mutu, wa zai gyara shi? Kuma mi suke nema wurinmu?"

"Haba Inna, ana yi wa kyauta tambaya? Ke dai kin saba da igiya."

Kwana uku Mas'udu yana zuba duwatsu da ƙasa har bakin rijiyar ya shafe.

A bazara ta biyu famfon ya tsaya. Mas'udu ya kwance ƙarfen da ya karye, ya zaga da shi kasuwar Gusau. Duk maƙerin da ya juya shi sai ya ce, "Wannan sai ƙasarsu." Ofishin ƙungiyar kuwa da kwaɗo. A tashar mota ya yi kiciɓis da Malam Sama'ila, wanda ya sassauta murya.

"Kwangila ƙasarsu ta nema wurin gwamnati. Da ba ta samu ba, suka kwashe. Ni ma haka suka bar ni."

Ƙauyen ya koma shan kududdufi tare da shanu. Amai da gudawa suka shigo gida gida. Inna Uwani ce ta huɗu da aka kai makwanci.

Daga maƙabarta Mas'udu bai zauna karɓar gaisuwa ba. Diga ya ɗauka, ya koma tonon rijiyar da ya cike. Yana gaba ta shida, ƙasa busasshiya, sai ya ji tsayuwar mota a sama. Wata farar mota ce ta masu kawo taimako, da tutar wata ƙasa daban, mutane kuma har sun fara tafi.

Jama'a, ba kowane taimako ne sharri ba, amma mai bayarwa ma yana da tasa buƙata. Mu tambaye ta tun kafin mu karɓa, kuma kada mu rushe abin da muke iya gyarawa da hannunmu saboda abin da gyaransa ke hannun wani.